Duro uku da rabi na kananzir: yadda na yanki tikitin Gwanzu a 2023

Kafin tafiyata ta 2023, rabona da Caina tun Nuwamban 2019. Ban fi wata biyu da dawowa ba korona ta ɓulla, suka garƙame ƙasarsu, muka shafe shekara uku muna oda ta waya. A turo maka hoton yadi ta WeChat, ka zaɓa, ka tura kuɗi, ka zauna jiran kwantena kana addu'a. Duk mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya san hoto ba ya faɗa maka nauyin zare, ba ya faɗa maka ko launi zai zuba a wankin farko. Sau biyu ana aiko mini da abin da ba shi na zaɓa ba, na biyun har yau akwai ragowarsa a sito. Saboda haka da suka buɗe iyaka a Janairun 2023, suka dawo da ba da biza a Maris, na ƙudurta bana da ƙafata zan je. Na sa ido kan babban baje kolin Gwanzu na kaka, zangonsa na ƙarshe da ake fito da kayan saƙa da tufafi, daga 31 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba.

Ƙarshen Agusta, ranar wata Alhamis, na kira ejan ɗina. Fiye da shekara goma shi ke yankar mini tikiti, ni da iyalina, har na Umara. Na faɗa masa ranakun, ya ce in ba shi minti goma. Da ya kira sai ya fara da tambaya.

"Alhaji, a zaune kake ko a tsaye?"

"Faɗi kawai, Malam."

"Kano zuwa Gwanzu, zuwa da dawowa, ta Addis Ababa, miliyan 1 da dubu 350. Shi ne mafi sauƙi da na gani. Ta Alkahira da ta Doha duk sun ɗara haka."

Dariya na yi, don a 2019 dubu 380 na biya a wannan hanyar. Na ce masa ko kujerar manya ya duba mini. Ya ce a'a, ta talakawa ce, can baya kusa da banɗaki ma in ban yi sa'a ba. Ya ce zai iya kama mini wurin na awa 48, in ban biya ba kwamfuta da kanta za ta sake shi. Na tambaye shi me ya kawo wannan tsada, ya ce: "Mai ne, Alhaji. Mai da dala."

Na ce bari mu gani. Ina da dalilai a lokacin, kuma duk sun yi kama da hankali. Biza ba ta fito ba. Ina bin wani abokin ciniki na Gusau kuɗi, ya yi alkawarin mako mai zuwa. Ana ta raɗe-raɗin dala za ta sauka. Amma gaskiyar magana, halin ɗan kasuwa ne ya ci ni: mun saba farashin farko tayi ne, in ka juya baya za a kira ka. Na manta kwamfuta ba ta kiran kowa. Ranar Asabar wurin ya tafi, ban ko ji a jikina ba.

Ranar 5 ga Satumba, ina mota hanyar Abuja kan maganar biza, na ji a rediyo cewa Saudiyya ta tsawaita rage ganga miliyan ɗaya a kullum daga man da take haƙowa har ƙarshen shekara, Rasha ma ta tsawaita nata ragin, kuma gangar ɗanyen mai ta haura dala 90. Na ji shi kamar yadda ake jin labarin ambaliya a wata ƙasa. Ban kawo a raina cewa da aljihuna ake magana ba.

Biza ta fito bayan mako biyu. Na kira ejan da murnata. Ya ce miliyan 1 da dubu 620.

Ban iya yi masa magana ta waya ba. Na bar yara a shago na hau adaidaita na same shi ofis. Na ce: "Malam, kujera ɗaya, jirgi ɗaya, rana ɗaya. A mako uku an ƙara dubu 270. Man ne aka zuba wa zinare?" Bai yi fushi ba, ya saba. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya juyo da fuskar kwamfutar wajena, ya ce in matso.

Shekara goma sha ina hawa jirgi, ranar na fara ganin cikin tikiti. Ashe ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai ainihin kuɗin kujera a sama. Ƙasansa akwai jerin haruffa bibbiyu, kowanne da adadi a gabansa: harajin filin jirgin Malam Aminu Kano, na hukumar sufurin sama, na Habasha, na Caina, na tsaro. Sai ya ɗora biro kan wani layi mai haruffa YQ, wanda shi kaɗai ya fi duk harajin nan in an haɗa su. Ya ce wannan ba na kowace gwamnati ba ne, ko da yake a layin haraji aka ajiye shi. Na kamfanin jirgi ne. Wani kamfanin YR yake rubutawa. Asalinsa ƙarin kuɗin mai ne: tun wajen 2004 da mai ya fara hauhawa, kamfanoni suka ga canza farashin kowace hanya ɗaya bayan ɗaya aiki ne, sai suka ɓullo da layi guda da za su riƙa ɗagawa ko saukewa a lokaci ɗaya. Wasu duk wata suke sake duba shi, wasu duk wata biyu. Daga baya da yawansu suka cire kalmar mai daga sunan, suka mai da shi ƙarin da kamfani ya ɗora kawai, don kada a riƙa tambayarsu me ya sa mai ya sauka shi bai sauka ba. Ya ƙara da dariya cewa ko lokacin da ake ba ejan kamisho mai kyau, ba a lissafa masa da wannan layin.

Na ce to shi ne ya tashi da dubu 270? Ya ce a'a, ya ɗan motsa, amma ba shi ne babba ba. Sai ya nuna mini wani abu na biyu. Kujerun baya da muke gani iri ɗaya, a kwamfuta an raba su aji-aji da haruffa, kowane harafi da farashinsa da adadin kujerun da aka ware masa. Wanda ya kama mini ran Alhamis ɗin nan na ƙasa ne, saura biyu a lokacin. Yanzu sun ƙare, na samansa ma ya ƙare, sai na uku. Duk ɗan kasuwar Kano da Legas da Onica da Aba da ke da niyyar baje koli a makon nan yake son tafiya. Ga shi kuma a dala ake rubuta farashin, a juya shi naira da canjin ranar da aka yanka, ba ranar da aka tambaya ba.

A nan na kawo tawa fahimtar, wadda na daɗe ina faɗa a majalisa da ƙarfin gwiwa: duk cire tallafin mai ne ya jawo. Tun ranar 29 ga Mayu da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a Yuli ta haura 600, komai ya bi. Ejan ya girgiza kai. Ya ce man jirgi ba fetur ba ne, kananzir ne da aka tace sosai, kuma dama can babu tallafi a kansa, kasuwa ke yanka masa farashi. Ya tuna mini watan Mayun 2022, shekara guda kafin a taɓa tallafi, lokacin da kamfanonin jiragen cikin gida suka yi barazanar ajiye aiki gaba ɗaya saboda litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Na tuna, don a lokacin ina da tikitin Legas, na kwana biyu ban san ko za a tashi ba. Wancan tashin, yaƙin Rasha da Yukren da ya ɓarke a Fabrairun shekarar ne ya kawo shi. Na yi shiru. Wata uku ina zuba wa mutane bayani a kan abin da ban sani ba.

Ban biya ba ranar. Na ce ya sake kama mini, zan yi tunani. Amma abin ya tsaya mini a rai. Idan kowa ya ce mai ne, to nawa ne man? Mu a Kwari in mutum ya ce maka dala ce ta tashi, kana iya zama ka lissafa ka gane ko dalar ce ko son zuciyarsa ne.

Ina da ɗan ƙanwata da ya yi karatun gyaran jirgi a kwalejin Zariya, yana aiki a Abuja, ya zo gida hutun ƙarshen mako. Bayan sallar isha na tsare shi a zaure. Na ce ya faɗa mini tsakani da Allah, man nawa jirgi ke sha. Ya ɗauki wani tsohon rasit ya juya bayansa.

Ya ce: "Kawu, su ba da lita suke lissafi ba, da nauyi suke. Mu ɗauki Boeing 787, irin da ake yawan sawa a doguwar hanya. Yana shan wajen tan biyar a awa. Kano zuwa Addis mu ce awa biyar, Addis zuwa Gwanzu mu ce awa goma. Zuwa da dawowa awa 30. Don sauƙi mu ɗauka duk jirgi iri ɗaya ne. Tan 150 ke nan."

Na ce tan na mai, kamar tan na siminti? Ya ce ƙwarai. Litar man jirgi ba ta kai kilo ba, wajen giram 800 ce. Ya raba tan 150 ga fasinja 270, ya fito da kilo 550 da ɗoriya, ya juya shi lita, ya ce wajen 700. Sai ya ɗago kai: "Duro uku da rabi, Kawu. Naka kai kaɗai."

Na daɗe ina kallon takardar. Na tuno duron kananzir ɗin da mahaifinmu ke ajiyewa a shagonsa na Kurmi muna yara, ana aunawa da kwalba, duro ɗaya ya yi wata. Ashe uku da rabi ake ƙonawa don a kai ni in shafa yadi in dawo.

Ya ci gaba. Tan ɗaya wajen ganga takwas ne. A 2019 gangar man jirgi a kasuwar duniya tana wajen dala 80, wato tan ɗaya dala 640. A wannan Satumbar tana wajen dala 130, tan ɗaya ya haura dala 1,000. Bambancin dala 400 a kowane tan. Sau 150, dala dubu 60. A raba wa mutum 270, kowa ya tashi da wajen dala 220. Ya ce lissafin zaure ne, don kayan da ake lodawa a cikin jirgi ta ƙasa suna ɗauke wani kaso, kujerar da ta tafi babu kowa kuma ana ɗora nata wa sauran, amma ba zai yi nisa da haka ba.

Na ce tsaya. A rediyo na ji dala 90 da wani abu, kai kana cewa 130. Ya ce abin da na ji na ɗanye ne. Jirgi ba ya shan ɗanye, sai an tace, kuma ladan tacewar ne ya yi tsalle tun 2022. Lokacin korona matatu da dama a duniya sun rufe ba su sake buɗewa ba. Sannan man jirgi da man gas na manyan motoci daga sashe ɗaya na gangar suke fitowa, ƙanin juna ne. Da Turai ta juya wa man gas ɗin Rasha baya, kowa ya koma wawason wannan sashen, sai man jirgi ya yi tsada fiye da yadda ɗanyen ya yi. Mu kuma a lokacin kusan ba mu tace komai. Matatar Kaduna da ta Warri da ta Fatakwal duk a kwance, ta Dangote an yi bikin buɗe ta a Mayu amma ba ta fara aiki ba. Daga waje ake shigo da shi da dala, a sauke a Legas, a ɗoro a tanka a yi ta tafiya har Kano. Shi ya sa litar Kano ta fi ta Legas tsada, shi ya sa kuma wasu jiragen ke cikowa daga gida da abin da zai mai da su, don kada su sayi da yawa a nan.

Wani abu da ya faɗa ya ba ni mamaki fiye da alƙaluman. Ya ce a doguwar tafiya jirgi yana ƙona mai don ɗaukar mai. Man da za a sha a awa ta goma tun daga ƙasa aka ɗauko shi, an yi awa tara ana dakonsa a sama, dakon kuma da mai ake yi. Kamar mai tafiya Agadas a raƙumi ne: ruwan da zai sha a kwana na goma shi ma kaya ne, raƙumin na gajiya da shi tun kwana na farko. Ga shi a tafiyar awa ɗaya, kuɗin sauka da tashi da ma'aikatan ƙasa su ne masu nauyi. A tafiyar awa goma sau ɗaya za a sauka, saura duk mai ne. Saboda haka in mai ya tashi, doguwar hanya ce ke fara ji, kuma ita ke ji da zafi. A jimlace, ya ce, a shekarun nan kusan kashi 30 cikin ɗari na abin da kamfanonin jirage ke kashewa a mai yake tafiya, ya fi albashin ma'aikata.

Na tambaye shi me ya sa wani kamfanin ke ƙara kuɗi nan take, wani sai bayan watanni. Ya ce wasu suna ɗaure farashi tun da wuri, su yi yarjejeniya yau kan man da za su sha bayan wata shida ko shekara. Na ce ba-da-kaka ke nan. Ya yi dariya ya ce kusan haka: in hatsi ya yi tsada ka ci riba, in ya faɗi kuma ka ci gaba da biyan tsohon farashi kana kallon maƙwabcinka na sayen araha. Wanda bai ɗaure ba, ko ba shi da ƙarfin ɗaurewa, shi ke juyowa kan fasinja washegari.

Da ya tafi na zauna da rasit ɗin na yi nawa lissafin, irin na kasuwa. Dubu 380 a 2019, dala tana 360, wajen dala 1,050 ke nan. Da tikitin bai motsa ba ko kaɗan a dala, to da canjin hukuma na lokacin, wanda ya tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750 tun da aka saki naira a watan Yuni, zai kama kusan dubu 820. Wato dubu 440 na naira ce kawai, babu ruwan jirgi. Ƙarin mai dala 220, a juya, wajen dubu 170. Mun kai dubu 990. To ragowar dubu 630 fa?

Da wannan tambayar na koma wa ejan ranar Litinin, ina jin na kama su. Ya ce ragowar ita ce kujerun araha da babu. Na ce ai wannan ba mai ba ne. Ya ce in bi shi a hankali. Kamfanin waje ya sayar maka da tikiti da naira. Man da zai zuba, da dala zai saya. Hayar jirgin, da dala. Sai ya je Babban Banki ya canza nairarsa ya kai gida, a ce ya bi layi. A tsakiyar 2023 ƙungiyar kamfanonin jirage ta duniya ta ce sama da dala miliyan 800 na kamfanoni ne suka maƙale a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Emirates ma tun ƙarshen Oktoban 2022 ta daina zuwa gaba ɗaya saboda wannan. Lokacin da mai ke da araha kamfani na iya haƙurin jira. Lokacin da kuɗin mansa ya ƙaru da fiye da rabi kuma mai gidan mai ba ya karɓar naira, ba zai iya ba. Sai su rufe ƙananan haruffan ga mai biya da naira, su bar na sama kawai, don in kuɗin zai kwana a Najeriya yana zagwanyewa, aƙalla ya zama mai kauri. Wasu suka rage yawan zuwa. Jirgi kaɗan, matafiya da yawa. Ya ce: "Ka ga, Alhaji, man ya shigo ta ƙofa da sunansa, ya kuma zagayo ta taga ba suna."

Ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, har yanzu ma. A ganina akwai wurin da mai ya tsaya, cin kasuwa ya karɓa. In ka san mutane dubu na son kujera ɗari uku a mako guda, ba ka buƙatar Saudiyya ta rage haƙo kafin ka ɗaga farashi, mu ma haka muke yi da shadda ana saura kwana goma Sallah. Abin da ya bambanta mu da su, mu ba mu da layin da za mu rubuta wa haruffa biyu mu ajiye a cikin haraji. Amma ban iya ƙaryata shi gaba ɗaya ba.

Akwai kuma hanya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu aka rufe sararin samaniyarta, jirgin da zai yi gabas daga Kano sai ya kewaya. Kowane minti na kewayen mai ne. Alhazan shekarar sun riga ni ɗanɗanawa, don kamfanonin jigila sai da suka nemi ƙarin dala 250 kan kowace kujera saboda wannan kewayen. A Agusta kuma Nijar ta rufe nata saman na kusan wata guda bayan juyin mulki, masu zuwa Turai su ma suka sha zagaye. Mutum yana Kano a zaune, an toshe masa gabas, an toshe masa arewa, duk a tikitinsa za a fanshe.

Daga nan muka shiga neman mafita, kwana biyu muna yi. Mun duba tashi daga Legas, ya fi sauƙi da wajen dubu ɗari, amma in ka sa jirgin Kano zuwa Legas da dawowa, da kwanan otal, da rigimar kilo tsakanin jirgin gida da na waje, ka cinye ribar har ka ci uwar kuɗi. Wani abokina ya ba ni shawarar in sa a yanka mini daga Akara ko Kwatano, inda ƙananan haruffan ke buɗe, yadda mutane da yawa ke yi a lokacin. Amma da dala za a biya, dalar kuma sai kasuwar 'yan canji ta Wapa, inda a makon ta taɓa naira 1,000. Na lissafa na ga wahala ce kawai zan saya. Wata hanyar mai tsayawa biyu ta fito da ɗan rangwame, da zaman awa goma sha a filin jirgi. A shekaruna, da ciwon bayan nan, na ce a'a.

Abin da ya yi aiki shi ne matsar da rana. Ejan ya yi ta gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Da muka matso da tafiya baya da kwana shida, kafin cincirindon zango na uku, muka kuma jinkirta dawowa zuwa bayan an watse, sai harafin tsakiya ya buɗe: miliyan 1 da dubu 490. Ƙarin kwanakin otal ne a kaina, amma dama ina son in zaga kasuwar yadi ta Zhongda a natse, in kuma leƙa masaƙar da ta aiko mini da wancan kayan na sito, mu yi magana ido da ido. Na ce ya kama. Ya ce wannan karon zuwa ƙarfe shida na yamma kawai kwamfuta ta ba shi.

Ƙarfe biyu ne a lokacin. Na zauna nan ofis na buɗe waya zan tura. Banki ya ce iyakata a rana miliyan ɗaya ce. Shekara da shekaru ban taɓa damuwa in ɗaga ta ba, don manyan kuɗi a cikin banki nake turawa. Na tura miliyan ɗin, na kira ƙanena ya tura dubu 490 daga nasa. Nawa ya shiga. Nasa ya fita daga asusunsa, bai iso ba. Uku ta yi, huɗu ta yi. Na yi la'asar a masallacin bakin titi, ban san raka'a nawa muka yi ba, Allah Ya yafe mini. Biyar da rabi ejan ya dube ni ya ce: "Alhaji, zan cika da nawa, in ya shigo ya shigo." Shida saura minti ashirin firinta ta fito da takarda. Ya ɗora yatsa kan wata lamba mai alƙaluma 13 ya ce sai ka ga wannan sannan ka yanki tikiti, duk abin da ke kafinta zance ne. Alat ɗin ƙanena sai bayan magariba ya shigo.

Jinkirin kusan mako huɗu ya ci mini dubu 140. Mutumin Gusau kuwa sai Nuwamba ya biya.

Ranar 7 ga Oktoba yaƙi ya ɓarke a Gaza, mai ya sake zabura. Wannan karon da na ji a rediyo sai na laluba aljihun rigata inda takardar take.

A Addis mun yi jiran dare, ga sanyi, don filin jirgin Bole na kan tudu, sama da mita 2,300. Ɗan ƙanwata ya taɓa ce mini a irin wannan tudun iska ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da nauyin da zai tashi da shi a bakin teku, shi ya sa suka fi son tashin dare da sanyi. Na tsaya jikin gilashi ina kallon namu. Wata mota ta zo ta tsaya ƙarƙashin fiffike, aka ja wani tiyo mai kaurin cinya aka maƙala. Ashe a fiffike ake zuba man. Na duba agogo don in ga tsawon lokacin da za a ɗauka, har aka kira mu shiga ba a cire ba. Wani Bakano da muka taho tare ya ce me nake kallo haka. Na ce durona nake nema. Bai gane ba, ni kuma ban yi bayani ba. A ciki ko kujera ɗaya babu fanko. Na kusa da ni ɗan Aba ne, mai takalma, muka gwada farashi kamar yadda 'yan kasuwa ba sa iya bari: shi tun Yuli ya yanka, ya biya ƙasa da nawa da kusan dubu 300. Na bayanmu ya yanka saura kwana huɗu, da ya faɗi nasa sai na ji dama-dama.

Tsakiyar Disamba gangar ɗanyen mai ta sauko ƙasa da dala 80. Ƙanena ne zai je a Janairu, ya duba kayan da na bayar a buga kafin masaƙu su tafi hutun sabuwar shekararsu. Na kira ejan, na ce yanzu da mai ya sauka, ya karanto mini layin nan mai haruffa biyu. Ya karanto. Daidai yake da na takardata, ko dala ɗaya bai ragu ba. Jimlar a naira kuwa ta wuce tawa, don naira ta ƙara zamewa.

Ya ce: "In kama masa, ko za ku gani tukuna?"

Na ce: "Kama. Kada ka kashe wayar, yanzu za ka ji alat."